Wayewar garin sararin samaniya: Saƙon da ke ɓoye a zangon FM, da ƙuri'ar da Kamaru da Nijar za su kaɗa a 2027

A ranar 26 ga watan Maris na 2025 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani sakamako da ya ba masana ilimin falaki mamaki. Tawagar da Joris Witstok ya jagoranta ta hango wani ƙaramin gungun taurari mai suna JADES-GS-z13-1 kamar yadda yake shekara miliyan 330 kacal bayan farkon sararin samaniya, kuma ta ga yana fitar da wani irin haske da bisa lissafi bai kamata ya iso gare mu ba. A wancan zamanin, in ji lissafin, hazo mai kauri ya lulluɓe ko'ina.

Mai sauraron rediyo a unguwar Briqueterie da ke Yaounde zai iya cewa wannan batu ya yi masa nisa. Sai dai akwai alaƙa ta zahiri. Saƙon da hazon wancan zamani ya aiko yana isowa doron ƙasa ne a kusan mita 101, wato a tsakiyar zangon FM, tsakanin 88.8 inda ake kama gidan rediyon ƙasa na CRTV da 105.5 inda ake kama RFI. Ɗaya daga cikin manyan na'urorin da ke neman wannan saƙo a Afirka take. Kuma ƙasashen da Hausawa ke zaune cikinsu suna da ƙuri'a a taron da zai tattauna ko za a bar wa masu binciken sararin da za su ji shi.

Yadda hazon ya samu

Masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya a biliyan 13.8. A farkon lamari zafi ya yi yawa ta yadda ƙwayoyin zarra ba sa iya haɗuwa. Bayan kimanin shekara 380,000 abubuwa suka huce, kowane furoton ya kama ilektiron ɗinsa, aka samu iskar haidirojin cikakkiya ta cika sarari. Babu tauraro ko ɗaya a lokacin, shi ya sa ake kiran zamanin da zamanin duhu.

Wanda ya san hunturu a Garoua ko Maroua ko Damagaram ya san yadda hazo ke yi wa fitila: tana ci, amma daga nesa ba a ganinta. Iskar haidirojin cikakkiya haka take yi wa haske mai ƙarfi, irin wanda ya zarce abin da ido ke gani ta ɓangaren shuɗi. Tana shanye shi.

Da taurarin fari suka kama ci, haskensu ya soma fisge ilektiron daga jikin haidirojin da ke kewaye da su. Iskar da aka yi wa haka ba ta ƙara tare haske. Kowane gungun taurari ya huda wa kansa fili a cikin hazon, filayen suna girma suna haɗewa, har hazon ya yaye baki ɗaya lokacin da sararin samaniya ya kai kusan shekara biliyan ɗaya. Wannan ne masana masu rubutu da Faransanci ke kira réionisation. A Hausance, yayewar hazon farko ke nan.

An daɗe da sanin cewa hakan ya faru. Tun 1965 James Gunn da Bruce Peterson suka bayyana alamar da za a nema a hasken abubuwa masu nisa, kuma a 2001 aka ga alamar a fili. Ma'aunin kumbon Planck na Turai ya nuna cewa an kai rabin aikin a wajen shekara miliyan 700. Abin da ya rage ana gardama a kai shi ne wa ya yi aikin, da yaushe ya soma.

Abin da James Webb ya gano

Na'urar hangen nesa ta James Webb ta tashi daga Kourou, a yankin Guyane na Faransa, ranar 25 ga Disamban 2021. Faɗin madubinta mita 6.5 ne, kuma tana aiki a nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Cikin shekara uku da soma aikinta ta sauya abubuwa uku a wannan fage.

Na farko, ta nuna cewa gungun taurari sun kafu da wuri, kuma sun fi yadda aka zata haske. A watan Mayun 2024 aka sanar da JADES-GS-z14-0, wanda aka gani a shekara ta miliyan 290. Daga baya na'urar ALMA da ke ƙasar Chile ta gano iskar oksijin a cikinsa, alamar cewa tun kafin lokacin wasu taurari sun rayu har sun mutu, domin a cikin taurari ake ƙera oksijin. A Mayun 2025 tawagar Rohan Naidu ta sanar da MoM-z14, wanda ya fi wancan tsufa da kusan shekara miliyan 10.

Na biyu, ta ɗaga darajar ƙananan gungu. Hakim Atek na Cibiyar Nazarin Taurari ta Paris da abokan aikinsa sun auna ƙananan gungun taurari 8 da ke bayan babban tarin Abell 2744, wanda nauyinsa ke lanƙwasa haske ya ƙara girman abin da ke bayansa kamar gilashin mai gyaran agogo. A Fabrairun 2024 suka ba da rahoton cewa waɗannan ƙanana suna fitar da haske mai yaye hazo ninki huɗu na abin da aka saba ɗauka. Da yake sun fi manyan yawa nesa ba kusa ba, mai yiwuwa su ne suka yi mafi yawan aikin. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Na uku, ta jawo sabuwar matsala. Julian Muñoz na Jami'ar Texas da abokansa sun yi lissafi a 2024 cewa idan aka tara dukkan hasken da James Webb ke nunawa, ya yi yawa: da hazon ya yaye tun kafin lokacin da sauran ma'aunai suka nuna. Ko dai hasken ba ya fita daga cikin gungun kamar yadda ake zato, ko kuma iskar da ke waje tana sake haɗewa da sauri tana cinye shi. Shi kuma JADES-GS-z13-1 ya ƙara wa gardamar zafi, domin hasken da aka gani daga gare shi yana nufin ya riga ya huda wa kansa babban fili tun da sassafe.

A nan iyakar James Webb take. Tana ganin fitilun, amma hazon kansa ba ta iya zana taswirarsa. Kuma sai an ga hazon, wuri-wuri da zamani-zamani, kafin a raba gardama.

Kunnen da ke hamadar Karoo

Haidirojin cikakkiya tana da muryarta. Tana fitar da wani raunannen saƙon rediyo mai tsawon santimita 21, daidai da megahaz 1,420. Hendrik van de Hulst ɗan ƙasar Holan ne ya yi hasashensa a 1944, aka kama shi a karon farko a 1951. Da zarar haske ya fisge ilektiron, muryar ta ɗauke. Saboda haka duk wanda ya iya sauraron wannan saƙo zai san inda hazo yake da inda ya yaye.

Sararin samaniya yana buɗewa, kuma buɗewar tana miƙe duk wani saƙo da ke tafe a cikinsa. Wanda ya taso a zamanin JADES-GS-z13-1 ya miƙe ninki 14, ya sauko daga 1,420 zuwa kusan 101. Wanda ya taso a ƙarshen yayewar hazo ya miƙe ninki 7, yana isowa a wajen 200. Kowace mita a akwatin rediyo tana daidai da wani zamani. Zangon FM gaba ɗaya, daga 88 zuwa 108, ya yi daidai da lokacin da sararin samaniya ke tsakanin shekara miliyan 270 da 370, wato daidai zamanin da James Webb ke ta ba da mamaki a kansa.

Na'urar HERA, da ke kusa da garin Carnarvon a hamadar Karoo ta Afirka ta Kudu, don wannan aiki kaɗai aka gina ta. An tsara ta da faifai 350, kowanne faɗinsa mita 14, an jera su a ƙasa suna kallon sama, suna sauraro daga megahaz 50 zuwa 250. Jami'o'in Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe ne suka haɗa hannu, kuma mutanen yankin ne suka yi mafi yawan aikin haɗa ta.

Har yanzu ba wanda ya kama saƙon a hanyar da kowa ya gamsu. A 2018 wata ƙaramar na'ura mai suna EDGES a Ostareliya ta ce ta ji alamarsa a megahaz 78, amma a 2022 masu binciken SARAS a Indiya suka ba da rahoton cewa sun sake aunawa ba su same shi ba. HERA kuwa ta ci riba ko da rashin ji. A sakamakon da ta fitar a 2023, shirun da ta tarar ya nuna cewa iskar ba ta kasance da sanyi ƙalau ba. Wani abu ya riga ya ɗumama ta, kuma mafi kusa shi ne hasken X-ray daga ragowar taurarin fari da suka mutu. Da iskar na da sanyi sosai, da saƙon ya yi ƙarfin da za a ji shi.

Wahalar aikin ita ce raunin saƙon. Hayaniyar rediyo ta gungun taurarin da muke ciki ta ninka shi sau dubbai. Hayaniyar ɗan'adam kuma ta fi wannan muni. Shi ya sa Afirka ta Kudu ta kafa doka a 2007 da ta taƙaita amfani da na'urorin watsa saƙo a yankin Karoo. A wurin ne aka ƙaddamar da MeerKAT mai faifai 64 a 2018, kuma a nan ake gina rabin babbar na'urar SKA mai faifai 197 tun Disamban 2022. Ɗaya rabin, mai eriya 131,072 da zai saurari zangon yayewar hazo kai tsaye, yana yammacin Ostareliya. Duk da dokar, masu bincike kan zubar da mafi yawan abin da suka ɗauka a zangon FM, domin muryar tashoshi masu nisa tana dawowa daga jikin jiragen sama da abubuwan da ke shawagi.

Hayaniyar da ke zuwa daga sama

Doka tana iya hana tasha a ƙasa, amma ba ta da iko da abin da ke wucewa a sama. A 2022 masu aiki da na'urar LOFAR a Holan suka saurari taurarin ɗan'adam 68 na kamfanin Starlink, suka tarar 47 daga ciki suna zubar da saƙo tsakanin megahaz 110 da 188. Saƙon intanet ɗin da kamfanin ke sayarwa yana can sama a wani zango dabam. Wannan yoyo ne daga kayan lantarkin da ke cikin kumbon, kamar ƙarar da janareta ke sa wa rediyon maƙwabci. A 2024 aka sake aunawa, aka ga sabon samfurin kumbon ya fi na farko ƙara har ninki 32. Zangon da yoyon ya faɗa kuwa shi ne zuciyar zamanin yayewar hazo.

Dokokin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, sun keɓe wa masu ilimin falaki zangon da ke kewaye da 1,420 tun da daɗewa. Amma saƙon da ya miƙe ya bar wannan gida mai katanga ya faɗa kasuwa. Haka nan dokokin sun fi mayar da hankali kan saƙon da aka watsa da gangan, ba su ce komai sosai kan yoyo ba.

Ga mazauna yankinmu, Starlink ba baƙon suna ba ne. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da kamfanin ya soma aiki a cikinta, a Janairun 2023. Nijar ta bi sahu a 2025, haka ma Chadi. A Kamaru kuwa hukumar kwastan ta ba da umarni a Afrilun 2024 a riƙa ƙwace kayan kamfanin a bakin iyaka, bisa dalilin cewa ba shi da lasisi da kuma dalilan tsaro. A dukkan waɗannan ƙasashe muhawarar ta tsaya ne kan farashi da haraji da tsaro da gasa da kamfanonin waya na gida.

Bukatar kuwa ta gaske ce. Ɗan kasuwar Briqueterie da ke aika kuɗi Kousseri, ko malamin asibiti a ƙauyen da layin waya bai kai ba, ba wanda zai ce musu su haƙura da intanet saboda wani saƙo mai shekara biliyan 13. Masu ilimin falaki ma ba su nemi haka ba. Abin da suke nema a sa wa yoyon iyaka tun daga masana'anta, kamar yadda ake sa wa talabijin da firji a ƙasa, sannan kumbon ya kauce wa haska wurare ƙalilan da aka keɓe. Waɗannan wurare suna hamada, inda kusan babu mai saye. Wanda ke Garoua ko Agadez ba zai rasa komai ba.

Taron Shanghai

A ƙarshen 2027 ƙasashen ITU za su yi babban taronsu na rabon zangon rediyo a birnin Shanghai na China. Batu mai lamba 1.16 a jadawalin taron ya shafi kare wuraren da aka keɓe domin sauraron sararin samaniya daga tarin taurarin ɗan'adam masu shawagi kusa da duniya. Kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta, babba ko ƙarama. Ƙasashen Afirka kuma sun saba daidaita matsayinsu tun kafin taro a ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Afirka, abin da ke ba su nauyi idan bakinsu ya zo ɗaya.

Ma'ana, ma'aikatun sadarwa da hukumomin da ke kula da zango, irin su ART a Kamaru da ARCEP a Nijar da NCC a Najeriya, suna da ta cewa kan makomar HERA da SKA, ko da ba su da faifai ko ɗaya a ƙasarsu. Su ne kuma ke zama da kamfanonin kumbo a teburin lasisi. Ƙasar da ke tattauna sharuɗɗa da kamfani tana da damar da ba za ta sake samu ba bayan an sa hannu.

Akwai dalilin da ya sa batun bai cika tasowa a waɗannan ofisoshi ba. Ƙasashen Afirka takwas da ke ƙawance da Afirka ta Kudu a shirin SKA su ne Botswana da Ghana da Kenya da Madagaska da Mauritius da Mozambik da Namibiya da Zambiya. Babu Kamaru, babu Nijar, babu Chadi, babu Najeriya, babu kuma ko ɗaya daga ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka masu amfani da Faransanci. Wanda ba shi da kaya a cikin jirgi ba ya damuwa da iska.

Hanyar shiga

Ghana ta nuna cewa shiga ba ta bukatar biliyoyi. A Kuntunse, kusa da Accra, akwai tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 da aka daina amfani da shi bayan zuwan wayoyin ƙarƙashin teku. Da taimakon Afirka ta Kudu aka mayar da shi na'urar sauraron sararin samaniya, aka ƙaddamar a Agustan 2017. Ba ya sauraron zangon yayewar hazo, amma a kansa ake horar da injiniyoyi da ɗalibai. Kamaru ma ta yi zamanin irin waɗannan faifai, a tashar Zamengoé da ke wajen Yaounde. Tana da sashen kimiyyar lissafi da na fiziks a Jami'ar Yaounde ta Ɗaya a Ngoa-Ekellé, da makarantar injiniyoyi a Melen, da cibiyar lissafi ta AIMS a Limbe da aka buɗe a 2013.

Aikin HERA ma, idan aka duba, rabinsa aikin eriya ne da tace saƙo da sarrafa bayanai masu yawa, wato sana'o'in da kamfanonin waya da bankuna ke nema. Bayanan James Webb kuma ana sakin su kyauta a intanet ga duk mai kwamfuta da horo. Marie Korsaga ta Burkina Faso, wadda ta yi karatun digirin digirgir kan gungun taurari tsakanin Cape Town da Marseille, ta nuna cewa hanyar a buɗe take ga ɗalibin da ya tashi da Faransanci. Makarantar bazara ta matasa masu ilimin falaki da aka soma a Abuja a 2013 ta faɗaɗa zuwa sauran nahiyar. A Agustan 2024 Cape Town ta karɓi babban taron Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya, karo na farko a Afirka, kuma a ranar 20 ga Afrilun 2025 aka buɗe Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka a Alƙahira.

Duban sama ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. Manomi ya san Kaza da ƴaƴanta, matafiyi ya san Gamzaki. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a lissafi da ilimin taurari tun kafin a haifi yawancin jami'o'in da ke wannan bincike. A Yaounde kanta, duk shekara jama'ar masallatan Briqueterie da Tsinga suna jiran sanarwar hukumar ganin wata ta ƙasa kafin su ɗauki azumi ko su ajiye. Al'ummar da ta saba da cewa ganin abu mai rauni a sama yana bukatar sarari mai tsabta da shaidu masu gaskiya ba za ta sha wuyar fahimtar kukan masu HERA ba.

Abin da ya rage shi ne wannan fahimta ta kai ga masu rubuta matsayin ƙasa. Shirye-shiryen Afirka na taron Shanghai suna gudana tun yanzu, kuma a irin waɗannan tarukan share fage ne ake yanke mafi yawan abin da za a kaɗa wa ƙuri'a. Idan wakilan Kamaru da Nijar da Chadi da Najeriya suka mara wa kare hamadar Karoo baya, ba su rasa ko mai saye ɗaya ba, kuma sun samu abin da za su riƙe idan suka je neman gurbi ga ɗalibansu a shirin SKA. Idan suka yi shiru, wasu za su yanke hukuncin, kuma yawan taurarin ɗan'adam da ke shawagi yana ƙaruwa kowane wata.